Daren tsallake shekara ya zo, ni da yayana ba ma ga-maciji

Autan Malumfashi (28 ga Disamba, da dare)
Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, gara in amayar da ita kafin ranar 31. Kowace shekara ina zuwa sujadar tsallake shekara. Tun ƙarfe tara muke cikin majami'a, a yi waƙa, a ba da shaida, a ce kowa ya rubuta abin da zai bari da abin da yake roƙo. Sha biyu na bugawa a kaure da Halleluya, a ce ka gai da na kusa da kai. To shekara uku ke nan da ni da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ba ma magana saboda gonar da Baba ya bari. Ikkilisiyarmu ɗaya. In an ce a gaisa, shi ya yi gabas ni in yi yamma. Takarduna na shekarun nan uku suna nan cikin Littafina, jiya na duba su, kusan abu ɗaya na rubuta sau uku. Tambayata: wannan dare yana da tushe a Littafi Mai Tsarki kuwa, ko dai ruɗin kanmu muke yi? Don ni ban ga sabon abin da ya same ni ba in ban da kalanda.

Maman Rahila
Kai Auta, ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni nawa alkawarin karanta Littafi daga fari har ƙarshe ne. Farawa da Fitowa lafiya lau, ina shiga Littafin Firistoci sai barci. Bara a watan Maris na tsaya.

Matashi Mai Wuta
Yaya Auta, yi haƙuri, amma rashin bangaskiya ne ke damunka. Daren nan dare ne na ƙetarewa. Yadda Isra'ilawa suka fita daga Masar cikin dare, haka mu ma muke fita daga tsohuwar shekara da duk nauyinta. Ishaya 43:18-19 ya ce a daina tuna al'amuran dā, Allah yana yin sabon abu. Abin da ka furta da bakinka ƙarfe sha biyun nan shi zai bi ka har Disamba. A cocinmu muna shiga Janairu da azumin kwana 21, kuma mun ga sakamako. Ka zo wurinmu bana ka gani.

Malamin Tarihi
Bari in sa baki a kan tambayar tushe, don ita ce aka yi. Amsa a taƙaice: babu inda Littafi ya umarci a yi sujada daren 31 ga Disamba. Fara shekara da Janairu ma lissafin Rumawa ne, sunan watan daga wani gunkinsu ne mai fuska biyu, ɗaya tana duban baya ɗaya gaba. Ingila, ƙasar da mishan da yawa suka fito, sai a 1752 ta mai da farkon shekararta 1 ga Janairu, kafin nan 25 ga Maris ne. Kiristocin Habasha har yau a watan Satumba suke shiga tasu shekarar. A Fitowa 12:2 kuwa, watan da Allah ya ce wa Musa shi ne farkon watanni shi ne watan Idin Ƙetarewa, wanda yake faɗowa wajajen Maris da Afrilu. Don haka ƙanena Mai Wuta, kamannin suna ne kawai, Idin Ƙetarewa daban, daren 31 daban.

Ita al'adar kwana a sujada, wadda muka gada, ta yi ƙarfi ne ta hannun Moraviyawa, wata ɗarikar Kirista a Jamus, da kuma mai wa'azi John Wesley a Ingila cikin ƙarni na 18. Abin da ya fi burge ni a labarin: masu haƙar kwal na Kingswood, kusa da Bristol, waɗanda dā a gidan giya suke kwana, bayan sun tuba sai suka mai da daren na addu'a. Da farko ma wata-wata ake yi, a zaɓi lokacin farin wata don mutane su ga hanyar komawa gida. A 1755 Wesley ya fara sujadar sabunta alkawari da Allah, daga baya ta zama ta farkon shekara a wurin mabiyansa 'yan Metodis. Baƙaƙen fatan Amurka kuma suna da nasu dalilin: daren 31 ga Disamba 1862 bayi da 'yantattu sun kwana a majami'u suna jiran gari ya waye shelar 'yanta bayi ta shugaban ƙasa Lincoln ta fara aiki.

Autan Malumfashi
Na gode Malam. Wato dai al'ada ce. To in al'ada ce gara in kwanta a gida in huta da sanyin hunturun nan.

Malamin Tarihi
A'a, ban ce haka ba fa. Kirsimeti ma ba a rubuta ranarta a Littafi ba, ka daina cin shinkafarta ne?

Talatu 'yar Katolika
Malam ya bar wani abu. Ranar 1 ga Janairu tana da nata matsayi a Bishara ko ba a kira ta sabuwar shekara ba. Ƙirga daga 25 ga Disamba, ita ce rana ta takwas, kuma Luka 2:21 ya ce a rana ta takwas aka yi wa jaririn kaciya aka raɗa masa suna Yesu. Ranar suna ke nan, irin wadda Bahaushe ya sani. Mu a wurinmu bikin Maryamu Uwar Allah ne, kuma tun 1968 ake kiyaye ta a matsayin ranar zaman lafiya ta duniya. Shekarar ikkilisiya kuwa mun riga mun shige ta tun Lahadin farko na lokacin jiran zuwan Almasihu, makonni huɗu kafin Kirsimeti. Don haka mu ba ma ɗora wa daren 31 kaya mai yawa.

Matashi Mai Wuta
Duk wannan ilimin kai ne. Harafi kisa yake yi, Ruhu ne ke ba da rai. Ni na san mutanen da aka yi musu annabci a daren nan kuma ya cika.

Ɗan Kasuwar Terminus
Mai Wuta, na ji ka. Bari in ba ka nawa labarin. Shekarun baya na je wani coci da ba zan kama suna ba, aka raba ambulan aka ce kowa ya shuka iri daidai da lambar shekarar da za a shiga, wai shekarar buɗi ce, wanda ya shuka ba zai ga Yuni da bashi a kansa ba. Na zuba kuɗin da ya kamata in biya wanda ya ba ni kaya bashi. Mutumin ya zo shago ran 3 ga Janairu, na ce masa ya yi haƙuri Allah zai yi. Ya dube ni ya ce, kuɗina ka kai wa Allah sadaka? Wallahi (ku yafe mini rantsuwar) ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Bashi hanji ne yana cikin kowa, amma ba a ɗaukar na wani a sa a ambulan.

Matashi Mai Wuta
Laifin mutum ɗaya ba ya shafe gaskiya. Ba duka bayin Allah ke haka ba.

Ɗan Kasuwar Terminus
Ban ce duka ba. Na ce dai a nuna mini wanda ya taɓa tsayawa a watan Disamba ya karanto annabce-annabcen da ya yi a Janairu, ya ce wannan ya cika wannan bai cika ba.

Mai kula da zaure
'Yan'uwa a sassauta. Kada a kama sunan coci ko na fasto. Kuma mu koma kan tambayar Auta.

Mama Saratu
'Ya'yana, ban saba rubutu a nan ba, jikata ce ke taya ni. Ni daga ƙasar Bokkos nake. Kun san harin da aka kai ƙauyukanmu da na Barkin Ladi daren jajibirin Kirsimeti na 2023. Mako ɗaya bayan nan muna zaune a inda muka sami mafaka aka yi sujadar shiga sabuwar shekara. Wani yaro mai wa'azi, na san da kyakkyawar niyya ya yi, ya karanta ayar nan ta Ishaya ya ce mu manta da abin da ya wuce. Na tashi na fita waje. Yaya zan manta da mutumin da ko kwana goma bai yi a ƙasa ba? Don Allah masu tsayawa a gaba, ku riƙa duba fuskokin mutanen da ke zaune kafin ku ce a yi tsalle a yi ihu.

Abin da ya riƙe ni ba daren 31 ba ne. Ayar Makoki ce, sura 3, inda aka ce jinƙansa ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya. Ni shekara ta yi mini girma a lokacin. Safiya ɗaya nake iya ɗauka.

Maman Rahila
Wayyo Mama. Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya share miki hawaye.

Talatu 'yar Katolika
Sannu Mama. Allah ya ba su hutawa.

Matashi Mai Wuta
Mama, ki gafarce ni in maganata ta taɓa ki. Ban yi tunanin wannan ba.

Baba Fasto (mai ritaya) (29 ga Disamba, da safe)
Salama. Na karanta duka tun da asuba, sai da na sha kunu na sake karantawa. Saratu, 'yar'uwata, kin faɗi abin da ya fi wa'azina na shekaru da yawa. Littafin Makoki kuka ne a kan Urushalima bayan Babilawa sun rushe ta, wanda ya rubuta ayar nan a cikin toka yake zaune. Kuma Ishayan da ya ce kada a tuna al'amuran dā a sura 43, shi ne a 46:9 ya ce a tuna da su. A ta farkon, Allah yana gaya wa mutanen da ke bauta a Babila ne cewa kuɓutar da ke zuwa za ta sa ta Masar ta zama ƙarama a idonsu. Bai ce gwauruwa ta manta da mijinta ba.

Yanzu kai Auta. Ɗana, ka yi tambaya a kan dare, amma ba dare ne ke damunka ba. Bulus ya riga ya raba gardamar ranaku a Romawa 14:5, wani yana ɗaukaka wata rana, wani duk ɗaya ne a wurinsa, kowa ya tabbata a zuciyarsa. Ka je ko kada ka je, ba zunubi. Zabura 90:12 ta ce a koya mana ƙidaya kwanakinmu, to in ikkilisiya ta ware dare ɗaya ta zauna ta yi wannan ƙidaya, ni ban ga aibu ba. Na jagoranci irin wannan sujada fiye da sau talatin, har da shekarun da dokar hana fita ta sa muka riƙa tashi tun magariba, kuma shekara ba ta fasa shigowa ba don ba mu jira ta a majami'a ba.

Ayar da nake so ka karanta ita ce Luka 13:6-9. Mutum yana da itacen ɓaure a gonarsa, shekara uku yana zuwa neman 'ya'ya bai samu ba, ya ce a sare. Mai aikin gonar ya ce, maigida, a bar shi bana ma, in yi masa kaftu in zuba taki. Shekara uku, ka ji lissafin ya yi daidai da naka. Kai manomi ne, ka sani itace ba ya yin 'ya'ya don an canza kalanda. Abin da aka ƙara masa lokaci ne, da fartanya, da taki, taki kuwa wari gare shi. Sabuwar halittar da 2 Korantiyawa 5:17 ke magana a kai, a cikin Almasihu ake samunta, kuma ka riga ka samu tun ranar da ka ba da gaskiya. In ka ci gaba da karatu aya ɗaya kawai za ka tarar da maganar sulhu. Takardarka ta ƙi canzawa ne domin abin da ya kamata ka kai ƙofar gidan yayanka kake ta kaiwa gaban bagade. Matiyu 5:23-24 bai bar wurin zamewa ba: ka ajiye baikon, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna.

Kai kuma Mai Wuta, azuminku ba laifi, Daniyel ya yi mako uku yana ƙasƙantar da kansa. Sai dai ka haɗa da Ishaya 58, inda Allah ya ƙi azumin masu azumi suna faɗa da juna.

Autan Malumfashi
Baba, na ji, kuma na gode. Amma ba ku san labarin ba. Ni aka zalunta. Mahaifinmu ya nuna iyaka da bakinsa a gaban kawunmu, daga bishiyar ɗorawa zuwa rafi nawa ne. Yaya ya shiga ya nome kunya goma sha biyu a ciki, da na yi magana ya ce ni yaron da ya goya ne. Shi ya kamata ya zo, ba ni ba.

Ɗan Kasuwar Terminus
Gaskiya a nan ina bayan Auta. Mu Kirista mun cika cewa a yafe a yafe, har mai ƙarfi ya gane cewa in ya ƙwace abu, Lahadi za a sa mai rauni ya ba shi haƙuri. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba ai cewa ya yi zai mayar ninki huɗu, bai ce a manta da baya ba.

Baba Fasto (mai ritaya)
Ɗan Kasuwa, maganarka tana kan hanya, kuma na ga dattawan ikkilisiya sun yi wannan kuskuren, ni ma na taɓa yi. Ban ce Auta ya bar gonarsa ba. Gona tana da hanyarta: kawu yana raye, akwai dattawa, akwai mai unguwa, in ta ƙi akwai kotu. Abin da na ce ya ajiye shi ne gabar. Abu biyu ne, shi ya ɗaure su da igiya ɗaya. Ku tuna wani ya taɓa tsayar da Yesu a Luka 12 ya ce ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, Yesu ya ƙi zama alƙalin rabon, ya juya yana gargaɗi a kan kwaɗayi, kuma taron duka ya yi wa gargaɗin.

Batun wa zai fara zuwa kuwa, Auta, kai ne ƙarami, ko a al'ada ƙafarka ce ta fi sauƙin tafiya. Yakubu shekara 20 ya yi rabonsa da Isuwa, ya aika da awaki da tumaki a gaba, ya rusuna sau bakwai. Na sani a can Yakubu ne mai laifi, kai kuma ka ce kai aka cuta. To sai ka duba Farawa 33: sun rungumi juna sun yi kuka, sannan Isuwa ya koma Seyir, Yakubu ya nufi Sukkot. Ba su koma cin tuwo a kwano ɗaya ba. Ba a ce lallai sai kun zama kamar dā ba.

Ɗan Maradi
Barkanku da war haka 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar watan Janairu yana tuna muna 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Lahadin da ta biyo mutane sun yi sujada a cikin gine-ginen da suka ƙone. An ce an yafe, kuma an nemi hukuma ta yi aikinta, ba a ga ɗayan ya hana ɗayan ba. Abin da Baba ke faɗi ke nan in na fahimta.

Maman Rahila
Auta, bari in gaya maka abin da maza ba za su gaya maka ba. Ka fara ta wurin matan. Na tabbata matarka da matar yayanka suna gaisawa a zumuntar mata, a ɓoye ko a fili, don mu ne muke shan wahalar wannan gaba taku, ranar biki a rasa inda za a aika da abinci. Kuma kada ka je ranar 31 da dare a gaban jama'a ka ce za ka rungume shi, zai ga kamar tarko ka ɗana masa don a ce shi ne mai taurin kai. Ka je gida da rana, ka riƙe wani abu a hannu, kada ka ambaci gona ko da wasa.

Autan Malumfashi
Mama kin kashe ni da dariya. Yanzu na tambayi uwargida, ashe har adashe suke yi tare, ni ban sani ba.

Talatu 'yar Katolika
Ka ji ko. Ku biyu ne kawai ke yaƙin.

Matashi Mai Wuta
Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa daren yana da iko. Amma Yaya Auta, zan sa sunanka cikin addu'ar azuminmu.

Malamin Tarihi
Wannan ba wanda zai hana ka. Maman Rahila, ke kuma batun Littafin Firistoci, sura 1,189 ne a Littafin gaba ɗaya in ba a haɗa da ƙarin littattafan su Talatu ba. Sura uku a rana, biyar ran Lahadi, shekara ta ishe ki. Ba dole ba ne ki koma Farawa, ɗora daga inda kika tsaya a Maris.

Maman Rahila
Ashe ana haka? Ni duk shekara sai in koma kan Adamu da Hawwa'u, har mun saba.

Autan Malumfashi (31 ga Disamba, da yamma)
'Yan'uwa na je. Ɗazu da hantsi na kama zakara ɗaya na tafi. Na yi sallama sau uku kafin matarsa ta fito, tana ganina ta sa zane ta rufe baki. Yaya yana zaune a gindin mangwaro yana gyaran buhu. Na durƙusa na ce Yaya ina kwana. Ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce lafiya. Na ce na zo gaisuwa ne, shekara ta ƙare. Ya ce to. Shi ke nan abin da ya faɗa, to. Aka kawo mini ruwa na sha, yaransa suka zo suka kewaye ni, ƙaramar ma ba ta san ni ba, sai da uwarta ta ce mata babanki ne ƙarami. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da zan tafi ya ce a mayar mini da zakarana. Matarsa ta yi kamar ba ta ji ba ta shige da shi madafa.

Ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya rungumi wani. Gaskiya na fito raina a ɗan ɓace.

Ɗan Kasuwar Terminus
Ya amsa gaisuwa, ka sha ruwan gidansa, zakara bai dawo ba. A kasuwa wannan ciniki ya fara faɗawa.

Baba Fasto (mai ritaya)
Madalla ɗana. Ka bar shi ya huce, mutum ba ya sauka daga shekara uku a wuni ɗaya. Bayan sati biyu ka sake komawa hannu wofi. Maganar gona kuma ka sa kawunku ya kira ku tun kafin ruwan fari, kada ku bari sai an fara sharar gona, lokacin zukata sun yi zafi.

Mama Saratu
Ka kai mata alewa in za ka koma, ita ƙaramar.

Autan Malumfashi (1 ga Janairu, 1:40 na dare)
Barkanmu da sabuwar shekara. Mun taso. Da aka ce a gaisa ban je wurinsa ba, kamar yadda Maman Rahila ta ce, shi ma bai zo ba. Amma a bakin ƙofa wajen neman takalma muka yi kiciɓis, ya ce mini zakaran nan tsoho ne, naman ya yi tauri. Na ce wanda ya rage ke nan Yaya. Ya ce Kawu ya dawo daga Funtuwa? Na ce sai jibi.